Ragowar Maganin Haƙori

Noella Gervais ba ta taɓa yi wa kowa ƙyashin mota ko gida ba, wannan duk wanda ya zauna da ita a unguwar Flour Mill zai shaide ta. Maƙwabciyarta ta canza labule sau uku a shekara guda, ko ido ba ta ɗaga ba. Sai da ta haura sittin sannan hassada ta same ta, ta kuma same ta a kan abin da ko ambatonsa za a yi sai an rage murya, wato abin da ke cikin hanjin ƙawarta.

Ita ce ta tara a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Ubansu yana shiga ramin haƙar ƙarfen nikel kamar uban kowa a garin Sudbury na wancan zamanin, uwarsu kuwa ba ta da lokacin sauraron wanda ya ce kansa na ciwo. Tana da shekara goma sha bakwai ta bar makaranta ta shiga gidan wankin da ke wanke wa mahaƙa kayan aiki, ta shekara ashirin da biyu tana jan jiƙaƙƙun riguna masu nauyin tsiya daga wannan inji zuwa wancan. A can Fernand ya gan ta, ranar da ya zo cigiyar wandonsa da ya ɓata. Wandon dai bai fito ba har yau, amma an yi aure, suka haifi 'ya ɗaya, Josée, wadda yanzu take can birnin Calgary tana bugo waya ran Lahadi.

Ciwon ya zo mata tana da talatin da tara. Ba faɗuwa ta yi ba, ba haɗarin mota ba. Wata safiya kawai ta tashi ta ji kamar an kwana ana dukanta da muciya, kafaɗu, ƙugu, cinyoyi, har fatar hannu ba ta son riga ta taɓa ta. Ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ga mantuwa, sai ta tsaya a gaban firij ta rasa abin da ya kawo ta. Likita bakwai ta gani. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ƙwanƙwasa gwiwa, komai ya fito garau. Wani ɗan saurayin likita da ko gemu bai gama fitar masa ba ya kwantar da murya ya tambaye ta ko akwai matsala tsakaninta da maigida. Shi kuwa maigidan ba mugu ba ne, amma in ta yi nishi sai ya ce, "Yau kuma ina ne?" ba tare da ya ɗago daga jaridarsa ba.

Sai bayan shekara shida aka ba abin suna, fibromyalgia. Sunan ya yi tsawo, magani kuwa sai na lallashi, kuma ba wani gwajin jini da za ta nuna wa surukarta. Da ƙurar rami ta ci huhun Fernand, likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya nuna musu fararen tabo, sai Noella ta tsinci kanta tana cewa a ranta, ko ba komai nasa yana da hoto. Ta ji kunyar wannan tunanin ƙwarai. Ta yi jinyarsa shekara biyu da jikin da ba a yarda yana ciwo ba, sannan ta binne shi.

A zagayen safe na mol, katafaren ginin nan mai kantuna a ciki, ta haɗu da Darlene Maki. Ƙarfe bakwai ake buɗe ƙofa saboda masu tattaki, tun kafin kantuna su ɗaga labulen ƙarfensu, kuma duk tsohon da ba ya son ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙugu, can za ka same shi. Akwai masu sauri, su kusan goma sha biyu, da fararen takalma da agogon ƙirga taku, wata tsohuwar malamar motsa jiki tana gaba tana kaɗa hannu. Akwai kuma Noella, wadda likita ya ce ta riƙa tafiya ko da kaɗan ne, take yin taku ɗari ta nemi benci. A ranarta ta uku ta iske wata ƙatuwar mace a kan bencin gaban kantin takalma, ta baje tana fifita da takardar talla. Matar ta dube ta sama da ƙasa.

"Kafaɗa ko ƙugu?"

"Duka," in ji Noella.

"To matso, 'yar gida ce."

Darlene direbar motar makaranta ce a da, har ciwon ya hana ta juya sitiyari. Tana da baki, tana da dariya mai sa mai gadi ya waiwayo, tana da miji mai suna Eino wanda bai cika furta kalma goma a wuni ba. Shekara goma sha huɗu ita da Noella suka yi suna zagaye ɗaya tak kowace safiya, benci huɗu, sannan kofi biyu da donot ɗaya a raba. Su suka laƙa wa masu saurin suna Runduna, malamar kuma Kanar, in sun wuce sai Darlene ta sara musu daga zaune. Ba sa tambayar juna ya jiki, lamba kawai ake faɗa daga ɗaya zuwa goma. In ɗaya ta ce takwas, ɗayar ta san yau ba za a kai benci na uku ba, kuma ba sai an ba da haƙuri ba. Wanda bai shekara ashirin yana rantsuwa cewa yana jin ciwo ba, ba zai gane abin da wannan yake nufi ba. Noella tana da 'ya, tana da coci, tana da 'yan'uwa shida da suka rage, amma wadda ta yarda da ita ba tare da hujja ba ɗaya ce.

A watan Janairu na shekarar da muke magana, haƙorin Noella ya kumbura. Likitan haƙori ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai, ta sha har kumburin ya sace, ta bar guda biyar a kwalba, kamar yadda kowa yake yi duk da kowa ya san an hana. Bayan mako biyu Darlene ta zo mol tana matse ƙafa, ta ce mararta na ƙuna, kuma ba za ta je ta zauna awa biyar a asibiti cikin wannan sanyin don a gaya mata abin da ta riga ta sani ba. Washegari Noella ta ƙunsa biyar ɗin a takarda ta miƙa mata a kan teburin kofi. Darlene ta sha, ƙunar ta tafi, suka manta da zancen.

Sai ga labari ya zo ƙungiyarsu ta masu wannan ciwo, da ke taro a ɗakin ƙasa na coci ran Laraba. Masu bincike sun lura cewa ƙananan halittun da ke zaune a hanjin mutum, waɗanda ke taya shi narkar da abinci, ba iri ɗaya ba ne a cikin masu ciwon da masu lafiya. Wasu sun yi yawa, wasu sun yi ƙaranci. Likitar da ta zo yi musu bayani ta maimaita har sau uku cewa ba a sani ba tukuna ko su ne suke kawo ciwon, ko ciwon ne yake canza su. Ba wadda ta saurari wannan ɓangaren. Abin da mata ashirin suka ji shi ne akwai abin da za a iya gani a madubin likita, kuma har wata ta fashe da kuka. Likitar ta ce za a yi gwaji a nan garin. Za a ɗebi waɗannan halittu daga bayan gidan mutane masu lafiya, a tace, a zuba a kafso, a daskarar. Rabin mutane za su sha na gaske, rabi na banza, ba wanda zai san nasa, wata shida. Duk wanda ya kai ƙarshe kuma za a ba shi na gasken wasu wata shida.

"Ashe duk shekarun nan maganinmu yana masai, muna ta danna ruwa yana tafiya," in ji Darlene, har likitar sai da ta dara.

Tare suka je rubuta suna, Eino ya kai su. Wata nas mai suna Simran Dhaliwal ta ba su takardu, suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna cikawa. Tambaya ta goma sha huɗu tana so ta ji ko mutum ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin wata ukun da suka wuce. Noella ta sa e. Ba ta da zaɓi ma, sunanta yana cikin kwamfutar kantin magani. Ta saci kallon takardar Darlene, ta ga biron ya tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan ya sauka a kan a'a.

Simran ta kira Noella gefe ta ba ta haƙuri da gaske. Ta ce irin wannan maganin yakan share hanji, mai kyau da marar kyau, don haka ba za a san me ake aunawa ba. Ta ce wataƙila in an buɗe wani zagayen. A mota Darlene ta yi ta zuba, wai guda biyar ai ba magani ba ne, wai in abin ya yi aiki a kanta to Noella ma ta samu, wai gara ɗaya ta shiga da a kore su duka. Noella ta ce ba komai, tana kallon tulin ƙanƙarar da aka ture gefen titi. Kwalba ɗaya suka sha, sunanta ne kawai a jiki.

Watan farko ba a ga komai ba, Noella kuwa ta samu natsuwa, ta ce a ranta na banzan aka ba ta. A wata na biyu lambobin Darlene suka fara sauka, shida, biyar, biyar, huɗu. Noella ta taya ta murna da baki. Daga nan sai lambobin suka koma sama ba zato, bakwai, bakwai, kullum bakwai, kuma a nan ne abin ya fara ci wa Noella rai, domin ƙarya ce. Wanda ya shekara goma sha huɗu yana kallon mutum yana tashi daga benci ya san yadda yake tashi. A da Darlene sai ta dafa gwiwa da hannu biyu ta yi nishi kafin ta miƙe. Yanzu sai ta miƙe tsaf, sannan ta tuna ta yi nishin. Tana zama a benci huɗun nan duka, amma ƙafarta tana ta rawa a ƙasa, idonta yana bin Runduna.

Tausayinta ake ji ke nan. Likitoci sun yi mata kallon mai ƙarya ta jure, amma wannan ya fi mata zafi, a ce Darlene ce take yi mata ɗingishin ƙarya don kada ranta ya ɓaci.

Ita ma ba ta zauna ba. Ta karanta cewa abinci mai tsami yana ƙara halittun kirki a hanji, sai ta cika firij da yogot, da kabejin da aka tsima a kwalba, da wani ruwan shayi mai kumfa wanda Josée ta ce kowa a Calgary yana sha. Mako uku tana ɗura, abin da ta samu kumburin ciki ne da iska, har ta daina zama kusa da mutane a coci. A taron Laraba kuwa an kewaye Darlene, kowa yana son ya ji ko kafson yana wari, ko tana barci, ko za ta yi wa nas magana a kan ƙanwar wance. Noella, wadda ta fi shekara goma tana jera kujerun wannan taron, tana gefe tana wanke kofuna.

Wata safiya a watan Yuni maƙwabcinta ya rage mata hanya, ta iso mol bakwai da minti biyar maimakon bakwai da rabi da suka saba. Tana tura ƙofa Runduna ta kunno kai daga wajen kantin littattafai, Kanar a gaba. A layi na uku ga Darlene, da sabon farin takalmi, tana kaɗa hannu, fuskarta ta yi ja tana dariya. Noella ta laɓe a bayan wata bishiyar roba ta ga sun zaga sau biyu. Bakwai da minti ashirin da biyar Darlene ta zare jiki, ta canza takalmi a cikin jakarta, ta je benci na farko ta zauna ta langaɓe.

Noella ta fito ta zauna kusa da ita. Darlene ta ce yau bakwai ce.

"Na gan ki. Takalmin ya yi miki kyau."

Darlene ta ce ba ta san yadda za ta faɗa mata ba ne. Noella ta ce ta bar zancen, ta tambaye ta kafso nawa take sha a mako. Darlene ta ce goma, Litinin da Alhamis, suna cikin firiza kusa da naman Eino.

"Ki ba ni biyu."

Darlene ta fara dariya, ta dubi fuskarta ta daina. "Ke tsohuwa, da gaske kike?"

"Na yi kama da mai wasa? Ranar da mararki take ƙuna ban tambaye ki takardar likita ba. Na ƙunsa na ba ki."

Darlene ta riƙe hannunta ta ce ba za ta iya ba. Ta ce bincike ne, in ta rage abin da take sha lissafinsu zai lalace, kuma mata dubbai suna jiran abin da zai fito. Ta ce ba a duba Noella ba, in ta sha wani abu ya same ta fa? Ta yi mata alkawarin za ta riƙa damun Simran har a buɗe zagaye na biyu.

"Doka ce, ƙawata," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa, kuma Noella ta san gaskiya ce. Amma a ce kalmar doka ta fito daga bakin da ya shiga gwajin da ƙarya, wannan ne ta kasa jurewa. Ta zare hannunta a hankali, ta ce kofi yana hucewa. Daga ranar Darlene ta daina ɓoyewa. Takan yi zagaye uku da Runduna, sannan ta zo ta yi ɗaya da Noella, tana rage taku, tana tsayawa tana jira, kamar mai koya wa jika tafiya. Kanar ma ta fara gaishe da Noella da wata murya mai laushi. Noella tana komawa gida ta kwanta ta yi ta juya maganar, ta ƙulla ta kwance. Ba lafiyar Darlene ta tsana ba, ko kuma haka take gaya wa kanta. Abin da take gani shi ne ana tafiya ana barinta, alhali magani ɗaya suka sha.

A ƙarshen Yuli, wata Talata da rana, aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Darlene ce da kwando cike da bulubari, ƙananan shuɗɗan 'ya'yan itacen daji, yatsunta sun rine, gwiwoyinta duk ƙarzuwa. Ta ce awa uku ta yi a kan duwatsun bayan bukkar Eino ta bakin tafki, karo na farko a shekara goma sha shida, kuma kwandon farko na Noella ne. Da zuciya ɗaya ta kawo, sulhu take nema. Sai dai ta manta, ko kuma ba ta taɓa riƙewa ba, cewa a gidan su Noella ba wanda ya kai ta tsinka. Tana yarinya ita take cika kwando uku kafin yayyenta su cika ɗaya, ta kai bakin babbar hanya ta sayar wa matafiya. Rabonta da ta durƙusa a kan dutse tun Josée tana sakandare.

Ta yi godiya, ta yaba girmansu. Da motar Darlene ta tashi sai ta ajiye kwandon a tebur ta zauna tana kallonsa. Ba ta daɗe ba ta tashi ta ɗauko takardar da Simran ta ba ta ranar da aka mayar da ita, ta buga lambar.

Ta yi niyyar ɓoye sunanta, amma kafin ta gama jimla biyu Simran ta ce, "Madam Gervais ce?" Ba ta musa ba. Ta faɗi watan da Darlene ta sha, ta faɗi sunan maganin, ta faɗi adadi. Simran ta tambaye ta ko ta tabbata, domin magana ce babba.

"Daga kwalbata suka fito," in ji Noella.

Da ta ajiye wayar ta gaya wa kanta cewa don binciken ta yi, don matan nan dubbai da Darlene ta ambata, kada a gina musu fata a kan ƙarya. Hujja ce mai kyau, ta kuma riƙe ta har zuwa lokacin cin abincin yamma. Daga nan ko ita ba ta ƙara yarda da ita ba.

Simran ta kira Darlene ofis ta tambaye ta ido da ido, ba ta faɗi wanda ya kawo zancen ba. Darlene tana iya yi wa takarda ƙarya amma ba ta iya yi wa mutum, ta amsa. Aka cire ta saura mako biyar ta gama, Eino ya mayar da ragowar kafson a cikin akwatin ƙanƙara, wata shidan da aka yi alkawari suka tafi. Noella a bakin Kanar ta ji, wadda ta tsaya musamman ta gaya mata, tana cewa Allah kaɗai ya san wane marar imani ne ya kai tsegumin. Darlene ba ta bugo waya ba, ba ta kuma zo mol ba.

Agusta ya wuce, Satumba ta wuce. Noella tana zagayenta ita kaɗai, tana sayen kofi ɗaya. Sau biyu ta ɗauki waya ta ajiye. A taron Laraba aka ce ciwon ya dawo wa Darlene, har ya fi da. Ba wanda zai iya cewa rashin kafson ne, domin har yau ba a san ko na gaske take sha ko na banza ba. Wataƙila sanyi ne da ya fara shigowa, wataƙila ɓacin rai ne, wannan ciwon yana cin kowanne. Noella ta yi ta addu'a a ce na banza ne, don a ce ba ta ƙwace mata komai ba. Ta tsara maganar ban haƙuri ta haddace, tana gyara ta kullum a cikin bas.

A makon ƙarshe na Oktoba, tana zaune a benci na farko, ta hango Eino ya riƙe ƙofar gilashi. Darlene ta shigo da sanda. Ta rame, rigar sanyinta ta yi mata yawa, tana ɗaga ƙafa kamar ba tata ba. Eino ya dubi Noella sau ɗaya ya juya ya fita. Minti biyu cur Darlene ta ɗauka kafin ta iso, ta dafa sandar da hannu biyu ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

Noella ta buɗe baki, duk abin da ta haddace ya gudu.

"Kada ki wahalar da kanki," in ji Darlene, tana kallon gaba. "In an cire Eino, mutum biyu ne suka san zancen ƙwayoyin nan, kuma ni ban buga waya ba."

Runduna ta zo ta wuce, Kanar ta ɗaga musu hannu, ba wadda ta mayar. Darlene ta ce likita ya ce in ba ta koma tafiya ba, kafin Kirsimeti sai keken guragu. Ta ce ta gwada da Eino, yana jan ta kamar buhu. Ta gwada da 'yarta, kowane taku sai ta tambaye ta ko lafiya. Ta zauna ta lissafa garin nan kaf, ba mai tafiya irin tata sai mutum ɗaya, shi ya sa ta zo. Ta ce kada Noella ta ɗauka yafiya ce.

Sannan ta juyo ta dube ta, karo na farko.

"Abu ɗaya nake so in ji. Da kika hango ni da sandar nan, kin ji daɗi?"

Noella ta so ta ce a'a. Ta nemi a'ar a cikin ranta ta ko'ina, tana kallon hannun Darlene a kan sandar. Akwai kunya a ciki, akwai nadama, akwai tausayi mai yawa. Amma a ƙarƙashinsu duka, tun daga lokacin da ƙofar gilashin ta buɗe, wani abu ya kwanta mata a ƙirji wanda rabon da ya kwanta tun watan Maris.

"Na ji," ta ce.

Darlene ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba, ta dai kawar da fuska. Can ta yunƙura ta kasa, ta sake yunƙurawa, sannan ta miƙo gwiwar hannunta ba tare da ta waiwayo ba.

"To tashi ki riƙe ni."

Shekara uku ke nan yanzu. Duk wanda ya je mol bakwai da rabi zai gan su, hannun wannan a cikin na waccan, taku ɗaya, ba wadda take jiran wata. Sababbin zuwa sukan nuna su su ce dubi aminan nan, Allah ya ba mu irin wannan. Eino yana jira a mota, da sun gama zagayen Darlene take fita. A duk tsawon shekarun nan ba ta ƙara gaya wa Noella wani abu da ya wuce a tashi ko a zauna ba.